Hotunan girgijen da ake cewa a Dutsen Kagoro aka ɗauka: gaskiya ne ko haɗi?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku duba hotunan nan guda uku da aka turo mana a zauren danginmu yau da safe. An rubuta a ƙasa wai a saman Dutsen Kagoro aka ɗauke su jiya. Na farko girgije ne ja jawur, zagayayye, da rami a tsakiya. Na biyu fari ne tas, hawa-hawa, ya zauna daidai bisa ƙololuwar tsauni. Na uku kuma a jere yake, kowane kai ya lanƙwaso gaba irin na igiyar teku. Subhanallah, tsigar jikina ta tashi. Baban Sadiq ya ce kada in tura wa kowa sai na tambayi waɗanda suka sani. Gaskiya ne ko haɗawa aka yi?

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Anti, haɗi ne wallahi. Yanzu da wannan ƙirƙirarriyar basirar, minti ɗaya ya isa a yi miki girgije kowane iri. Tunda nake ban taɓa ɗaga kai na ga girgije sumul haka ba. Girgije ai yage-yage yake, ba ya da gefe mai kyau.

Mai Hoto na Tudun Wada: Sana'ata ce, kullum ina kan kwamfuta ina canza wa amare bango, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Na farkon an taɓa shi. Ku zuƙo ƙasan hoton wajen gidajen nan, za ku ga farin bango ya koma ruwan hoda, inuwar gefen ginin ma ta yi shuɗi fiye da kima. Wannan alamar an ja wa kala kunne ne. Amma ƙara kala daban, liƙa girgijen da babu shi daban. Na bi gefensa kaf ina neman ɗan farin zaren da kan fito idan an yanko abu an manna, ban samu ba. Tsakin hoton ma, wato 'yan ɗige-ɗigen da ake gani in an zuƙo sosai, iri ɗaya ne a sama da ƙasa.

Ɗan Rigasa: To ai ka gama magana Oga. Tunda an taɓa, ƙarya ne.

Mai Hoto na Tudun Wada: A'a ƙanena, ban ce haka ba. Wayar da ke hannunka ma tana taɓa hoto kafin ta nuna maka. Kana latsawa take ɗaukar hotuna da yawa ta haɗe su, ta haska wurin duhu, ta ƙara wa sama shuɗi. In dai wannan ne ma'auni, babu hoton gaskiya ko ɗaya a wayar kowa a nan.

Hajiya Kaka: Ni dai a Kafanchan na yi zaman aure shekaru masu yawa, Kagoro kuwa hanyarmu ce. Dutsen Kagoro ba haka yake ba. Doguwar garu ce ta duwatsu, ga itatuwa da ciyayi, gari yana kwance a gindinsa. Wannan na biyun tsauni ne guda ɗaya tilo mai tsini, ga wani farin abu a kansa. Da damina kam nakan ga gajimare ya sauko ya lulluɓe saman Kagoro da sassafe har ba ka ganin komai, rana na ɗagawa ya watse. Amma irin wannan ban gani a can ba.

Malam na Geography: Hajiya, Allah ya ƙara muku lafiya, kun warware rabin zancen. Farin da kuka gani dusar ƙanƙara ce, tsaunin kuwa Fuji ne na ƙasar Japan, tsayinsa mita 3,776. Duk wanda ya saba ganin hotonsa zai gane shi nan take. Na farkon kuma na san shi sarai: birnin Bursa ne a Turkiyya, ranar 19 ga Janairun 2023 da sassafe. Ya tsaya kusan awa guda, mutanen gari suka ɗauke shi ta kowace kusurwa, wasu daga tagar gida wasu daga kan titi, kafafen labarai na duniya suka nuna bidiyonsa. Bursa tana gindin tsaunin Uludag mai mita 2,543, shi ne ya haifar da shi.

Yadda abin yake faruwa kuwa, ina so Ɗan Rigasa ya ba ni aron kunnensa, domin tambayarsa mai kyau ce.

Ka je bakin Kogin Kaduna lokacin da ruwa ya fara ja baya, ka samu inda ruwa ke bi ta kan dutsen da ke nutse. Za ka ga ruwan ya yi tozo a kan dutsen, ya faɗa, ya sake tasowa a gaba, ya sake faɗawa, har sau uku ko huɗu kafin ya lafa. Ruwan gudu yake yi, amma tozon yana nan inda yake ba ya motsi. To iska ma haka take yi idan ta ci karo da tsauni. Dole ta hau. Tana hawa tana sanyi, domin iskar da ake ɗagawa sama takan rasa kusan digiri ɗaya a kowace mita 100 kafin tururin cikinta ya fara kama jiki. Idan akwai laima a cikinta, a daidai ƙololuwar hawan sai tururin ya zama ɗigon ruwa, shi ne girgijen da kake gani. Tana gangarowa ta ɗaya gefen ta sake ɗumi, ɗigon ya koma tururi ya ɓace. Wato girgijen ana ƙera shi ta gaba yana narkewa ta baya a lokaci guda. Shi ya sa za ka ga iska na kaɗawa da ƙarfi amma shi yana tsaye cak. Masana yanayi suna kiransa lentikularis.

Sumul ɗin da ya ba ka mamaki, daga nan ya fito. Hadarinmu na damina daga zafin ƙasa yake tasowa, iska na tafasa tana dunƙulewa, shi ya sa yake curi-curi. Wannan kuwa iska ce mai tafiya a shimfiɗe, ba hargitsi, sai ta zana gefenta tsaf. Hawa-hawan kuma saboda iskar sama ba iri ɗaya ba ce: wani sashe mai laima, na samansa busasshe, na saman wannan mai laima. Kowane mai laima ya yi nasa girgijen, busasshen ya bar fili a tsakani.

Maman Sadiq: Allah ya ƙara sani Malam. To jan fa? Shi ne ya fi tsorata ni.

Malam na Geography: Amin. Jan na fitowar rana ne. Idan rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yakan ratsa iska mai kauri kafin ya iso, shuɗin cikinsa ya warwatse a hanya, ja da ruwan lemo su rage. Girgijen yana sama sosai, don haka rana ta riga ta haska shi tun gari bai gama wayewa ba. A bidiyon da aka ɗauka ranar ma ja ne, sai dai bai kai wannan da aka turo miki ba. Maganar Mai Hoto tana kan hanya.

Abban Zee: Malam, da girmamawa, akwai abin da kuka tsallake. Wannan girgijen na Turkiyya ai bai fi sati uku ba aka yi girgizar ƙasar nan da ta kashe dubban mutane. Ni a ganina gargaɗi ne. Ba komai ne kimiyya za ta fassara ba.

Malam na Geography: Kwanakin da ka lissafa daidai ne, girgizar ta auku ranar 6 ga Fabrairun 2023, mutum sama da 50,000 suka rasu a Turkiyya da Siriya, Allah ya jiƙansu. Amma duba taswira. Bursa tana arewa maso yamma, kusa da Istanbul. Girgizar ta tashi ne daga yankin Kahramanmaras a kudu maso gabas, ɗaruruwan kilomita tsakani. Girgiza daga tsagewar duwatsun ƙarƙashin ƙasa take zuwa, girgije daga iska da laima. Irin wannan girgijen yana fitowa a kan Fuji sau da yawa a shekara, a kan Etna na Italiya, a kan Rainier na Amurka, kuma ba a bin sa da girgiza.

Ustaz na Unguwar Sarki: Ɗan'uwa Abban Zee, niyyarka kyakkyawa ce, amma ga abin lura. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, an yi husufin rana. Mutane suka ce saboda rasuwar ne. Manzon Allah da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. To ka ga abu yakan zama aya ba tare da an ɗaura masa wani labari ba. Girgijen da aka hore tsakanin sama da ƙasa aya ne, Alƙur'ani ya faɗa a Suratul Baƙara. Sanin yadda iska ke hawa tsauni bai rage masa komai ba, ni ƙara mini tsoron Allah ma ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutun da ke ƙasa. Wani ya zauna, ya san ba Kagoro ba ne, ya rubuta Kagoro. Wannan ƙarya ce, kuma duk wanda ya tura ya taya shi ɗaukar kaya. Hadisi ya tabbata cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Addininmu ba ya buƙatar a yi masa ado da ƙarya, kuma yaranmu suna kallo. Ranar da yaro ya gano hoton da babarsa ta ce aya ce na bogi ne, wace amsa za a ba shi?

Abban Zee: Na ji Ustaz, Allah ya saka. Ni dai har yanzu zuciyata tana ganin ba banza ba.

Ustaz na Unguwar Sarki: Ba banza ba kam, babu abin da Allah ya halitta banza. Ɗaura shi da girgizar ne ba mu da hujja.

Ɗan Rigasa: To shi kenan, na farko da na biyu an samo musu gari. Amma ku ba ni amsa ɗaya. In har iska da dutse ne kawai, me ya hana mu gani a nan? Ba ga Kufena a Zariya ba, ba ga Dutsen Zuma a hanyar Abuja ba, ba ga duwatsun Kajuru ba? Ko iskarmu ce ba ta iya ba?

Kaftin Gobe: Bari in sa baki, don wannan darasi ne da ake koya mana a makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, a fannin yanayi. Abu uku ake so su haɗu lokaci guda: tsauni mai tsayi, musamman mai dogon jiki, iska mai ƙarfi da ke dukansa kai tsaye, tana ƙara ƙarfi in an yi sama, sai kuma laima a iskar da ba ta tafasa. Mu a nan da damina muna da laima amma iskar tafasa take, sai ta zama hadari. Da hunturu muna da iska mai ɗorewa daga arewa maso gabas amma busasshiya ce, ƙura kawai take ɗauko mana daga Sahara. Kufena da Zuma kuma curin dutse ne guda, iska tana iya kewaye su ta wuce. In da za a nema a Najeriya, sai a dubi wajen Jos ko Mambilla, inda Chappal Waddi ya kai mita 2,419.

Kuma ku sani matuƙa ba sa ɗaukar wannan girgijen abin wasa. Kyansa a ido ne kawai. A ƙarƙashinsa iska takan yi juyi mai jijjiga jirgi sosai, kuma akwai gefen da take danna jirgi ƙasa. Ranar 5 ga Maris 1966 wani jirgin fasinja na Birtaniya ƙirar Boeing 707 ya tarwatse a sama kusa da Fuji ɗin nan, mutum 124 duk suka mutu. Sama tana garau ranar, iskar da ta tsallako tsaunin ce ta karya shi. Wato igiyar iskar, wannan hawa da saukar da Malam ya kwatanta, tana nan ko da girgije ko babu, girgijen dai shi ke tona ta. A ɗaya gefen kuma masu jirgin da ba shi da inji nemanta suke yi ido rufe, su hau ta. A Satumbar 2018 wani irin wannan jirgi mai suna Perlan 2 ya haura ƙafa 76,000 a kan tsaunukan Andes na Ajantina, babu inji ko ɗaya a jikinsa. Abin da ake kafa tarihi a kansa, ake kuma canza wa jirage hanya saboda shi, ba Photoshop ya ƙirƙiro shi ba.

Hajiya Kaka: Ikon Allah. Allah ya tsare ka a wannan aiki ɗana.

Kaftin Gobe: Amin Hajiya, na gode.

Yaya Bilki: Ni tambayata ta masu ƙaramin sani ce. Mu da ba mu san Fuji ba, ba mu san Bursa ba, yaya za mu yi gobe in an turo wani? Ba kullum Malam zai kasance a kusa ba.

Mai Hoto na Tudun Wada: Yaya, abu mafi sauƙi shi ne Google Lens, yana cikin yawancin wayoyi. Ki sa hoton a ciki, zai nuna miki inda ya taɓa fitowa. In kika ga hoton da aka ce na jiya ne yana intanet tun shekarun baya, magana ta ƙare. Na gwada da na Bursa yanzu, shafuka suka fito rututu da harsuna daban-daban.

Sannan ki yi wa kanki tambaya: ina sauran hotunan? Abu ya fito a sararin sama a garin da kowa ke da waya, a ce hoto ɗaya tak ya fito, daga kusurwa ɗaya, ba bidiyo, ba wanda zai ce ni na ɗauka? Da a Kagoro ne, da tuni 'yan Kafanchan da Manchok sun cika Facebook da nasu, wani a karkace, wani da igiyar lantarki ta gitta, wani da kan ɗan acaɓa a gaba. Hotuna marasa kyau su ne shaidar gaskiya. Wanda ya haɗa ƙarya guda ɗaya yake haɗawa mai kyau.

Ki kuma dubi ƙasan hoton, ba saman ba. Kowa girgijen yake kallo, amma rufin gidaje da irin itatuwa da lambar mota da rubutun shago su ke faɗin gari. Gidajen da ke hoton farko masu hawa da yawa ne a cunkushe, ba ginin Kudancin Kaduna ba ne.

Ɗan Rigasa: Na ukun fa? Kowa ya yi shiru a kansa. Wannan kam ko me za ku ce, zane ne. Kai shida a jere, kowane ya lanƙwasa gefe guda daidai wa daida.

Malam na Geography: Ba shiru muka yi ba, layi ne bai zo kansa ba. Irinsa ma akwai shi. Yana faruwa ne idan iska biyu suna tafiya ɗaya bisa ɗaya, ta sama ta fi ta ƙasa sauri, sai ta riƙa jan kan girgijen tana nannaɗe shi gaba. Shi ya sa duk suke kallon gefe guda, tazararsu kuma kusan ɗaya. An sa masa sunan masana biyu na ƙarni na 19, Kelvin da Helmholtz. Ba ya daɗewa, 'yan mintoci ne ya rushe, don haka samun hotonsa sai mai rabo. A 2017 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sabunta kundinta na gizagizai, wanda aka fara fitarwa tun 1896, ta ba wannan siffa suna a hukumance, ta kuma shigar da wani mai suna asperitas wanda hotunan da jama'a suka riƙa ɗauka ne suka sa aka karɓe shi. Ka ga ba duk abin da ido bai saba da shi ba ne ƙarya.

Ɗan Rigasa: Irinsa akwai, na ji. Amma shi wannan ɗin?

Mai Hoto na Tudun Wada: A nan kam ina tare da kai rabi. Na sa shi a Lens, masu kama da shi sun fito da yawa, shi kansa bai fito ba. Na buɗe shi a kwamfuta na zuƙo, sai na tarar an tura shi ta WhatsApp har ya gaji, duk ya zama dabbare-dabbare, ba a iya ganin gefe balle tsaki. Akwai abu ɗaya da ya tsaya mini: kai na uku da na biyar sun yi kama fiye da yadda nake so, har ɗan yagewar da ke bakinsu. Mai kwafa ya manna yakan bar irin wannan sawu. Amma matsewar da WhatsApp ke yi ma takan shafe bambanci ta mayar da abu biyu iri ɗaya. Da wannan kwafin ba zan rantse ta kowane gefe ba.

Kaftin Gobe: Kuma babu komai a ƙasansa da za a kama, sai baƙin layin tsauni. Ba gida, ba itace.

Yaya Bilki: Wato biyu na gaskiya ne da aka yi musu ƙaryar gari, ɗaya kuma ba a tabbatar ba.

Mai Hoto na Tudun Wada: Haka ne Yaya. Maman Sadiq, ko za ki tambayi wanda ya turo muku inda ya samo na ukun? In ya san wanda ya ɗauka, a roƙe shi ya turo a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba. In aka turo haka WhatsApp ba ya matse shi, kuma bayanan da kyamara ke rubutawa a ciki suna nan: ranar ɗauka, ƙarfe nawa, irin wayar, wani lokaci har da wurin. Da wannan zan iya cewa wani abu.

Maman Sadiq: Na tambaya tun ɗazu da kuke magana. Ƙanwar mijina ce ta turo, ta ce daga zauren 'yan islamiyyarsu ta samo, ita ma wadda ta sa a can daga wani zauren ta kwaso. Na rubuta musu cewa na farko Turkiyya ne 2023, na biyu Japan, na tura musu bayanin Malam da na Ustaz. Ta ce za ta bi sawun na ukun ta ji.

Mai Hoto na Tudun Wada: Madalla. In ya zo ki sa shi a nan kai tsaye, kada ki buɗe ki yi masa sikirinshot, don yin haka yana goge bayanan duka.